Taya na gugar fenda: laifin mai alaimen ne ko na mai mota?

Mai Jar 86: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau raina a ɓace yake. Na canja wa motar tserena ƙafafu, Toyota 86 ce 'yar 2013. Na cire rim ɗin kamfani na sa masu faɗin inci 9, na ɗora taya 245/40R17, na kuma sa sifirin da ya sauke ta kamar inci ɗaya. Tun ranar, in na sha kwana da gudu ko na faɗa gargada sai in ji ƙuuu daga baya. Gefen tayar har ya fara yankewa. Na kai wa mai alaimen, ya karɓi kuɗina ya ce ya saita, ban kai gida ba ƙarar ta dawo. Ni dai ina nan kan bakana: duk tayar da ke gugar jiki, alaimen ne bai yi ba. Wanda ya san aikinsa zai kashe ƙarar nan ba tare da an canja komai ba.

Malam Lissafi: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, duba bayan rim ɗin, akwai lamba bayan haruffan ET. Nawa aka rubuta?

Ɗan Jamus: Tsaya tukuna. Motar me ka ce? Tsere? Inji lita 2, ba tobo, ƙarfin doki 200 da ƙyar. Tseren da wa, da keke?

Mai Jar 86: Yaya, ni maganar taya na kawo.

Ɗan Jamus: Ai maganar tayar nake. Motar da kamfani ya fito da ita da irin tayar Prius! Ka tambayi kowa. Sai ka zo cikin mutane kana cewa motar tsere.

Sarkin Kwana: Da gangan aka sa mata wannan tayar, don bayanta ya riƙa zamewa cikin sauƙi a kwana. Ƙafar baya ke ja, nauyinta bai kai kilo 1,300 ba, inji a kwance can ƙasa. Ku masu motar Jamus in ba ku ga lamba ta cika takarda ba sai ku ce ba mota ba ce. A Japan akwai gasar da 86 da tagwaiyarta Subaru BRZ zalla ake shiga.

Ɗan Jamus: To ai dole su yi gasarsu su kaɗai, wa za su bi?

Sarkin Kwana: Taka tana ina yanzu? Wata uku ina ganin hotonta a kan jak.

Ɗan Jamus: Kaya nake jira. Kar ka sako abin da ba a tambaye ka ba, ƙanena.

Na Subaru: Ku yi haƙuri in gyara muku abu ɗaya. Kuna ta Toyota Toyota, alhali a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan ake ƙera ta. Injin ma nasu ne, FA20. Buɗe bonet ka karanta abin da ke rubuce.

Sarkin Kwana: Alhaji, tsarin feshin man fa? D-4S na Toyota ne. Ba don su ba da motar ba ta zo duniya ba.

Na Subaru: Mai ɗa daban, mai raɗa suna daban.

Malam Lissafi: ET nawa ne, don Allah?

Oga Sifana: Ni ba ruwana da tsere ko ba tsere ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne "ya karɓi kuɗina". Mutum ya ɗora motarka kan na'ura, ya saita bakin tayoyi, aikinsa ya yi. Kai ka sayo takalmin da ya fi ƙarfin ƙafa, sannan ka bar jaki kana dukan taiki. A motar nan kamar yadda ta fito daga kamfani, babu notin saita kamba, wato kwantar da kan taya ciki ko waje, a baya. Bakin taya kawai ake iya juyawa. Da me kake so ya kwantar maka da ita, da addu'a?

Mai Jar 86: Oga, to me ya hana shi faɗa min kafin ya karɓa?

Oga Sifana: Ka tambaye shi? Ku samari in an gaya muku gaskiya sai ku ce mutum bai waye ba.

Mai Jar 86: Ni ba yaro ba ne. Malam, na duba, ET35 ne.

Malam Lissafi: Yauwa, ga inda gizo ke saƙar. ET shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar rim da fuskar da ke zama a jikin mota, da milimita ake auna shi. Lambar na raguwa, ƙafa na fitowa waje. Na kamfani faɗinsa inci 7 ne, ET48, da taya 215/45R17. Naka inci 9, wato ƙarin milimita 51, rabi waje rabi ciki, sai ka ce 25 kowane gefe. Daga 48 zuwa 35 kuma ka ƙara tura shi waje da 13. Leɓen rim ɗinka ya fito da milimita 38 kenan fiye da na da. Tsayin taya ba shi da laifi: tsohuwar milimita 625, sabuwar 628. Faɗi ne matsalar, sannan ka sauke jiki ya same ta. Shi kamba, in aka kwantar da kan taya ciki da digiri 1, milimita 5 da rabi kawai kake samu a sama. Ko digiri 2 aka ba ta, milimita 11 ne. Yana taimakawa, amma sai ka sayi ƙarfen ƙafar baya mai saiti, kuma ba lalle ya isa shi kaɗai ba. Kafin ka kashe ko sisi, shafa alli a leɓen fenda, wato jikin motar da ke saman taya, da robar ciki, ka zaga ka dawo, ka ga inda ya goge.

Ɗan Jamus: Duk wannan lissafi a kan doki 200.

Yaro Mai Tobo: Yallaɓai ka sa sifesa kawai, faifan ƙarfen nan da ake sa wa tsakanin rim da mazauninsa. Wani abokina ya sa, ƙarar ta ɗauke.

Malam Lissafi: Na abokinka ta ciki take guga, shi ya sa. Wannan ta waje ce. Sifesa ƙara fito da ita zai yi.

Yaro Mai Tobo: Ni dai na gani da idona.

Baba Fanabita: Yara, ba a nan take ba. Leɓen fenda ake naɗewa ciki. A ɗumama fenti tukuna, a bi shi a hankali da abin naɗi. In aka yi gaggawa fenti ya tsage, tsatsa ta samu ƙofa. Wanda ya ce zai yi maka da guduma ko sandar ƙarfe, ɗauki makullinka ka tafi.

Na Subaru: Baba, da girmanka kake cewa a lanƙwasa jikin mota lafiyayye saboda rim? A mayar wa masu sayar da rim ɗin kayansu a karɓo inci 8 mai ET45, magana ta ƙare.

Sarkin Kwana: Inci 8 a wannan motar? Sai ka ce mai ƙaton riga da siririn ƙwauri. A ba ta kamba digiri 3 ta zauna daram.

Oga Sifana: Digiri 3 a motar hawa kullum? Cikin tayar zai cinye ya bar waje sabo fil.

Sarkin Kwana: Ba kamba ke cin taya ba, baki ne in bai saitu ba. Mai alaimen ya kamata ya fi kowa sanin haka.

Oga Sifana: Baki ya fi ci, ban musa ba, amma kamba ma yana ci. Shekara nawa ka yi a ƙarƙashin mota da za ka koya min?

Sarkin Kwana: Daɗewa a ƙarƙashin mota ba ilimi ba ne, Oga.

Oga Sifana: Shugaba, ka ja wa yaron nan kunne, ko in fita.

Ɗan Jamus: Har yanzu ba wanda ya kawo min tseren da ta ci.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, kowa ya mayar da wuƙarsa kube. Na karanta duka, ga abin da aka tsayar. Na farko, 86 motar tsere ce, masu musu ba su kawo hujja ba sai zolaya. Na biyu, rim inci 9 ba shi da aibi, ni ma shi ne a tawa shekara biyu, ban taɓa jin ƙara ba. Malam Lissafi da kansa ya tabbatar kamba na magance guga, don haka mai maganar yana da gaskiya, mai alaimen ne ya gaza. Batun Subaru kuwa ba a nan za a yi shi ba, tambarin da ke gaban motar ya ishe mu. An rufe.

Malam Lissafi: Ranka ya daɗe, cewa na yi milimita 11 cikin 38. Kuma taka ai an naɗe mata fenda bara, kai ka turo hoton.

Mai Jar 86: Na gode Shugaba. Gobe zan koma ya ba ni kuɗina. Sifesan nan mai milimita nawa zan saya?