Ɗan haya ya makara da kuɗi, in sabunta mishi?

Mai gida a Zariya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗaki biyu da falo a unguwar Zariya ta Maraɗi, jika 30 a wata. Malamin lakwal ne a ciki, ɗan kwantaragi, shekararshi biyu. Bai taɓa wuce 5 ga wata ba sai wannan karon da ya kai kwana 40, amma ya biya cif. Takardarmu ƙarshen wata take ƙarewa, ga dillali ya kawo mai ba da abansin wata uku. Wanda ya taɓa gani ya ba ni labari.

Hajiya daga Ali Ɗan Sofo:
Alhaji, shi ya zo ya faɗa maka, ko kai ka bi shi? Lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Nijeriya a 2023, wanda ke gidana ɗan kasuwa ne mai ɗauko kaya daga Jibiya. Wata uku ko dala bai ba ni ba. Amma duk ƙarshen wata sai ya yi sallama bayan magariba, ya zauna bakin tabarma, hula a hannu, ya ce "Hajiya, har yanzu dai." Da hanya ta buɗe ya biya, har da turmin atamfa. Yana nan har gobe.

Wani daga Bagalam:
Ni kam na ƙone. Nawa da ya ji motsin babur ɗina sai ya turo yaro ya ce ba ya nan, alhali ga takalmanshi a ƙofa. Na ji kunyar matarshi na sabunta. Ƙarshenta sai gaban mai unguwa, ya fita ya bar mini kuɗin wuta da na ruwa na wata huɗu.

Ɗan haya, Sabon Gari:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni haya nake. Kuɗin 'yan kwantaragi kowa ya san yana makara. Kuma Baba, mai abansin nan ka san halinshi? Dillali la'adarshi yake nema, in gida bai sake hannu ba me zai ci? Ga fenti da gyaran famfo duk a wuyanka.

Mai gida a Zariya:
Hajiya, gaskiya shi ya kira ni tun 3 ga wata. Zan sabunta na wata shida, mu rubuta 10 ga wata a gaban shaidu biyu. Dillalin tun safe yake kira, ban ɗauka ba tukuna.