Dala biyar ta wace ƙasa?

Ɗan Bagalam: Salamu alaikum ƴan uwa, yau raina ya ɓaci wallahi. Wani mai siba a unguwarmu ya saida min lambar wasa jika huɗu, ya rantse min da na sa ta kasuwar Steam (dandalin sayen wasannin kwamfuta) za ta buɗe in saida sikin (adon) bindigata na wasan Counter-Strike 2 (CS2), na sa, wasa ya shiga, amma kasuwa tana nan kulle har yanzu. Wannan in ba cuta ba mi ne ne?

Illa: Ayya abokina. Lambar da aka sayo waje ba su ƙirga ta, haka wasan da wani ya ba ka kyauta. Sai kai da kanka ka kashe dala biyar cikin shagonsu ko ka zuba ta a asusunka, kuma sayen ya ɗan kwana amma kar ya wuce shekara. Steam Guard ma, wato tsarin tsaron asusunka, sai ya yi kwana 15 a kunne.

Rabe: Dala biyar?? Ashe kan 25F aka cika mu da kuka tun safe

Illa: Dalar Amurka nike nufi Rabe, wajen jika uku kenan

Rabe: To ka ce dalar Amurka. A Maradi dala tamma biyar ce tun kakanninmu, je ka babbar kasuwa ka ce ma mai goro dala biyar ka ga abin da zai miƙo maka

Ɗan Katsina: Haba malam, kowa ya san in ana maganar intanet dala ta Amurka ce

Rabe: A wajenku dai. Mu nan ba mu ari bakin kowa ba

Ɗan Katsina: Kullum sai kun jawo mu ciki, alhali rabin katin da kuke saye da shi daga wajenmu ake turo muku

Musa Tela: Ƙarya ne, ni da katin bankina na nan na zuba. Kuma ko kasuwar ta buɗe kuɗin ba su fita, cikin asusun suke zama, ga kashi 15 cikin 100 da ake cirewa a kayan CS2. Ku zo wasan waya na Free Fire ku huta

Illa: Wasan yara kake kira mu?

Musa Tela: Maimaita in ka isa

Ɗan Bagalam: Jama'a jika huɗuna fa?

Yaya Sani (admin): Ya isa haka. Na karanta duka, Rabe ya fi gaskiya, a gidan nan duk mai nufin ta Amurka ya faɗi sunanta. Mai sibar kuma na san shi, tare muke sallah, ba macuci ba ne, bai san ƙa'idar ba ne kawai kuma wasa ai ya shiga. Ƙanena ka yi haƙuri ka nemo jika uku ka zuba. Musa in ka sake kawo Free Fire zan fidda ka.