An daki motata ta baya, wa zai biya gyara?

Maman Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Talata wani bawan Allah ya daki motata ta baya a titin Zariya, wajen Unguwa Uku a Kano. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo, amma bamba da but da fitilun baya duk sun tashi aiki. Ya amsa laifinsa, sai dai ya ce ba shi da kuɗin gyara, ga 'yan uwansa suna ta sintiri wai ƙaddara ce. Da motar nake kai yara makaranta. Dukanmu muna da inshorar tad fati. Ina zan nufa?

Baban Sadik: Allah ya tsare gaba Hajiya. Taki inshorar ba za ta gyara miki mota ba, wanda kika buga take biya wa. Ta wanda ya daki motarki za ki bi. Tun Janairun 2023 da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshora N15,000, kamfani na biyan ɓarna har naira miliyan 3 a motar gida. Haƙƙinki ne, ba roƙo za ki yi ba.

Malam Direba: Kafin komai a duba takardarsa. Akwai masu karɓar kuɗi su buga wa mutum ta bogi a haɗe da takardun mota. Ki sa lambar motarsa a shafin NIID, wato rumbun bayanan inshora na ƙasa, ko ki danna \*565\*11#. In ba ta fito ba, gyara ya koma aljihunsa.

Anti Ladi: Don Allah ƙanwata kada fanal bita ya taɓa motar nan tukuna. Maigidana ya yi gaggawar gyara tasa, da mutanen inshora suka zo ba abin da za su gani, maganar ta mutu. Ki ɗauki hotuna ta ko'ina, har da lambobin motocin, ki karɓi rahoton 'yan sandan kula da haɗari, makanike ya rubuta kiyasi. Shi kuma wanda ya daki motar ya sanar da kamfaninsa a rubuce yau ɗin nan, suna kafa hujja da jinkiri.

Alhaji Babba: 'Yata, in inshorar ta gaske ce bin ta bai ɓata zumunci ba, don ba shi zai biya ba. In ta bogi ce a zauna da shaidu a rubuta abin da zai iya bayarwa duk wata.

Maman Amira: Na gode, Allah ya saka. Na duba, lambar ta fito. Gobe da safe za mu je wajen 'yan sanda tare da shi.