Maki 501 na Lara ne abu mafi girma da aka taɓa yi a Edgbaston?

Direban Birmingham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya na sauke fasinja a ƙofar filin kurket na Edgbaston, daura da lambun Cannon Hill, muka ɗan taɓa hira a mota. Na ce masa tun da ƙungiyar Warwickshire ta fara wasa a filin nan a 1886, ba a taɓa yin abin da ya kai na Brian Lara, mai bugun West Indies (ƙungiyar ƙasashen Caribbean) da ya yi wa Warwickshire wasa, ba. Maki 501 mutum ɗaya, kuma ba a fitar da shi ba, a wasan gundumomi da Durham, ranar 6 ga Yuni 1994. Har yau babu wanda ya kamo shi a kurket na ajin farko, wato manyan wasannin da ake kwanaki ana yi, a duk duniya. Mai ja ya fito.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Ga ni na fito, ɗana. Lamba ce babba, ban musa ba. Amma wa ya ci wasan?

Direban Birmingham: Canjaras aka yi, Baba. Ai ba laifinsa ba ne, ruwan sama ya cinye yini guda cur.

Tsohon Malami: To ka gani. Durham sun tara 556 suka ce ya ishe su. Ranar Asabar ruwa ya hana wasa. Da aka dawo Litinin, ranar ƙarshe, kowa ya san babu mai ci babu wanda za a ci, sai aka bar Lara ya yi ta bugu har yamma, Warwickshire ta kai 810. Kuma su wa ya buga? Durham da ta shigo gasar gundumomi a 1992, shekara biyu kacal. Ƙato ya samu yara a fili yana ta kirari.

Baƙo a Zaure: Ku yi haƙuri manya, ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, hira ce ta jawo ni. Ta yaya za a yi kwana huɗu ana wasa, gefe ɗaya na da 810 ɗaya na da 556, a ce canjaras?

Mai Lissafi: Malam baƙo, a irin wannan wasa kowane gefe yana da zagayen bugu biyu. Yawan maki kaɗai ba ya ba ka nasara, sai ka fitar da masu bugun abokan hamayya har sun ƙare kafin lokaci ya cika. Idan kwanakin suka ƙare ba a gama ba, canjaras ne ko da ka fi su da dubu. A wancan wasan ko zagaye na biyu ba a shiga ba.

Amma Baba, a yi wa Lara adalci. Ƙwallo 427 kawai aka jefa masa ya tara 501. Sau 62 ya buga ta kai iyaka, maki huɗu-huɗu, sau 10 ya tsallake da ita ta sama, maki shida-shida. Ya wayi gari ranar Litinin yana da 111, ya ƙara 390 a yini ɗaya. Ƙungiya sukutum takan yi yini ba ta tara haka ba. Ko yara ne ke jifa, tsayuwar kusan awa takwas ba tare da kuskure ba aiki ne.

Tsohon Malami: Ba tare da kuskure ba? Haba Malam, kai da lissafi ke hannunka. Yana da 12 Anderson Cummins ya kaɗe masa sanduna, alƙali ya soke jifan saboda ya taka layi. Yana da 18 ya ɗaga ƙwallo ta je hannun Chris Scott, mai tsaron bayan sanduna, ta suɓuce. Sau biyu ke nan aka kashe shi ya tashi.

Direban Birmingham: Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, Baba. Wane babban bugu ne babu sa'a a ciki? Mutum nawa aka yar wa ƙwallo suna da 18 suka fita suna da 30? Shi da aka ba shi dama ya ƙara 483 a kai.

Ɗalibar Coventry: Baba, ina da tambaya, ba gardama ba. Idan ba na Lara ba, to wanne? Kushewa ba wuya, a kawo mana madadin.

Tsohon Malami: Madalla 'yata, dama shi nake jira. Yuni 1922, a wannan fili dai, Warwickshire da Hampshire. Masu gida suka tara 223. Hampshire suka shiga, aka fitar da su gaba ɗaya da maki 15. Goma sha biyar, ba kuskuren rubutu ba ne. Mutum takwas ko maki ɗaya ba su samu ba. Harry Howell ya fitar da shida, kyaftin Freddie Calthorpe ya fitar da huɗu, cikin ƙwallo 53 an gama da su. Wanda ya fi kowa, Phil Mead, shida gare shi.

Aka tilasta musu sake shiga nan take, ana bin su bashin 208. Ana ba da labarin cewa Calthorpe har ya kawo shawarar idan an gama da wuri a je a buga golf, shi kuwa kyaftin ɗin Hampshire, Lionel Tennyson, ya fusata ya ce su za su ci wasan. Da mutum takwas suka fita, 66 kawai suke gaba, wato dai gawa ce ba a kai ba. Sai George Brown ya kafe ya yi 172. Walter Livsey, mai tsaron bayan sanduna, wanda kuma shi ne hadimin Tennyson a gida, ya shigo na goma a jeri ya yi 110 ba a fitar da shi ba. Suka tara 521. Warwickshire na neman 314, aka fitar da su da 158. Hampshire ta ci da ratar 155. Wannan shi ne kurket. A nan kowane maki yana da nauyi, don in babu shi an sha kashi.

Direban Birmingham: Labari mai daɗi, amma ka lura Baba, masu filin aka kunyata. Ka je Edgbaston ka tambayi mutum goma wane ne Livsey, in ka samu biyu na biya maka kuɗin mota. Lara kuwa har yaran da ba a haifa ba a lokacin sun san 501.

Tsohon Malami: Tambayarka ita ce abin da aka yi a filin, ba abin da masu filin ke son tunawa ba.

Mai Lissafi: Bari in sa baki da abin da zai ɓata wa kowa rai. Malam direba, wanda Lara ya karɓe wa kambu shi ne Hanif Mohammad, 499 a Karachi a 1959, kuma ƙungiyarsa ta ci wasan. An fitar da shi ne yana gudun neman na 500. A 2022 Sam Northeast na Glamorgan yana da 410 a filin Grace Road na Leicester, ranar ƙarshe, ƙungiyarsa ta dakatar da bugu lokacin abincin rana don a nemi nasara. Suka fitar da Leicestershire da 183, suka ci. Da an bar shi, wa ya san inda zai tsaya? Wannan yana gefen Baba.

Amma Baba, Hampshire ɗinka ai su suka jefa kansu rami. Wanda ya faɗa rijiya da ƙafarsa ya fito, an yaba masa, amma ba za a manta faɗawar ba. Kuma Lara ba tsintuwa ya yi ba. A Afrilun shekarar ya yi 375 a kan Ingila a Antigua, kuma 501 ɗin shi ne karo na bakwai da ya kai maki ɗari cikin shiga takwas a jere. Warwickshire ta ɗauki kofi uku a 1994, har da na gasar gundumomi.

Ɗalibar Coventry: Ni fa duk kun ba ni mamaki. Ana maganar Edgbaston a manta 2005? Ingila ta ci Ostareliya da maki biyu tak a gasar Ashes. Ko 1999, wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya, Ostareliya da Afirka ta Kudu kowa 213, Allan Donald na Afirka ta Kudu ya yar da sandar bugunsa ya tsaya yana kallo aka fitar da shi. Yayana har yau ba ya son a tayar da zancen.

Direban Birmingham: Ƙanwata, waɗannan na ƙasa da ƙasa ne, mu na gundumomi muke yi.

Ɗalibar Coventry: A'a Yaya, koma sama ka karanta abin da ka rubuta. Cewa ka yi tun 1886 ba a taɓa yin abin da ya kai shi ba a filin. Ba ka ware komai ba.

Tsohon Malami: Ta kama ka.

Direban Birmingham: To na gyara, na ce bugun mutum ɗaya. A nan kam ba na janyewa. Ku tuna yadda ya ƙare: yana da 497, John Morris na Durham ne ke jifa, wanda ba ma aikinsa ba ne, har ya same shi a hular kwano. Keith Piper, abokin bugun Lara, ya zo ya raɗa masa cewa ƙwallo biyu suka rage a tashi, shi bai ma sani ba. Ta gaba ya aika ta iyaka. Kuma kocin Warwickshire Bob Woolmer yana yaro ya kalli wani ɓangare na bugun Hanif a Karachi, ga shi ya ga wanda ya karya tarihin.

Tsohon Malami: Morris ɗin nan da ya yi 204 a wasan, mai bugu ne, an ba shi ƙwallo don masu jifan gaske sun gaji. Ka ƙara ƙarfafa hujjata ke nan ba ka sani ba. In bugun mutum ɗaya ne, Peter May ya yi 285 a nan a 1957 a kan West Indies, shi da Colin Cowdrey suka haɗa 411, suka ceto Ingila daga hannun Sonny Ramadhin da ya fitar da mutum bakwai a zagayen farko.

Mai Lissafi: Shi ma canjaras aka tashi, Baba.

Tsohon Malami: Canjaras ɗin da aka ƙwato da haƙori daban, wanda ruwan sama ya kawo kyauta daban.

Baƙo a Zaure: Ni dai har yanzu ina kan maki 15 ɗin nan. Mutum goma sha ɗaya? Ba sayar da wasan suka yi ba kuwa?

Direban Birmingham: Da sun sayar ai da ba su dawo sun ci ba, Malam. An kira ni ɗaukar fasinja a New Street, in na dawo zan amsa wa Baba maganar May.