Golf da rana, dinar giyar inabi da dare: wai dole sai an zauna a teburin?

Injiniya Sabo: Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Kamfanin da muke sayen famfunan ban ruwa a wajensu a Afirka ta Kudu sun turo min gayyata, wai taronsu na shekara da abokan ciniki a Stellenbosch, wajen kilomita 50 daga Cape Town. Da safe golf rami 18, da daddare kuma dina kala biyar, kowane kala da irin giyar inabin da za a ɗanɗana da shi. Jirgi da masauki duk a kansu. Ni dai tunanina in yi golf ɗin, dare ya yi in ba da uzuri in shige ɗaki.

Alhaji Nura: Wa alaikumus salam. Injiniya in dai haka za ka yi gara ka zauna gida ka huta da wahalar biza. Golf ɗin nan share fage ne kawai, a teburin dare ake ƙulla magana, a nan manyan suke sakin jiki su gaya maka abin da ba za su taɓa rubutawa a imel ba. Duk wanda ya tsallake dinar wallahi asarar tikiti ya yi. Ka je ka zauna, a zuba maka lemo ko ruwa, wa zai maka ɗure?

Malam Tukur: Alhaji ka yi a hankali fa. Hadisin a fili yake, yana cikin Tirmizi, duk wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ba a ce kada ya sha kawai ba, zaman ma an hana. Kuma wannan ba irin ka shiga gidan abinci wani can nesa yana shan abinsa ba ne, taron don ita aka haɗa shi tun asali.

Alhaji Nura: Malam ai na san za ka fito. To jirgin da zai hau ba a raba ta a ciki? Otal ɗin fa? In za a bi haka ai ba mai fita ƙasar waje neman halal ɗinsa.

Malam Tukur: Jirgi lalura ce, kai tafiya ta kai ka, ba kai ka zaɓi na kusa da kai ba. Dinar ɗanɗanon giya kuwa wace lalura ce a ciki?

Yohanna: Bari in sa baki tunda a guruf ɗin nan ina jin ni kaɗai na taɓa zama irin wannan dinar, kuma a yankin ma. Alhaji Nura da girmanka amma yadda kake hasashenta ba haka take ba. Kana zama za ka tarar da kofuna biyar ko shida jere a gabanka, ana kawo kala na farko sai mai haɗa giyar gonar ya miƙe ya yi ta bayani, wace shekara aka tsinki inabin, wane gefen tsauni, wata nawa ta yi a ganga, sai kowa ya ɗaga kofinsa ya duba launi a haske, ya jujjuya, ya tsoma hanci ya shaƙa, ya kurɓa, sannan a bi ku ɗaya ɗaya ana tambaya kai me ka ji. Wannan ya ce ƙamshin itace, wancan ya ce ɗanɗanon baƙin barkono. Daga farar giya a koma ja a ƙare da mai zaƙi, haka za a yi ta yi har dare ya raba. Hirar duk a kan abin da ke cikin kofi take. Mai ruwa a gabansa ya fi kowa fitowa fili, kuma duk zagaye sai mai zubawa ya zo ka sake cewa a'a na gode.

Ɗanjuma Direba: Ni fa na ji wai ba haɗiyewa suke ba, tofarwa suke a wani ɗan bokiti 😂 to Malam in an tofar fa?

Malam Tukur: Ɗanjuma ka ji tsoron Allah, ko a wasa.

Yohanna: Masu tofarwa ƙwararru ne da ke gwada kala hamsin a wuni, su sana'arsu ke nan. A dina da abinci a gaba ba mai tofarwa, kafin a kai kala na huɗu ma rabin teburin sun fara ɗaga murya. Ni ban taɓa ganin an tsayar da maganar kuɗi mai ma'ana a wannan lokacin ba, washegari ma wasu ba sa tuna me suka ce.

Kaftin Bala: Yauwa Yohanna ka taɓo inda nake jira. Alhaji ka juya abin ne baibai, kuma duk wanda bai taɓa taka fili ba haka yake zato. Mutum huɗu ake haɗawa a rukuni ɗaya, ku fita tare ku yi awa huɗu ko fiye, tafiyar ƙasa ta haura kilomita shida, kuma in ka tara lokacin da kake dukan ƙwallon da gaske mintoci ne ƙalilan, sauran duk tafiya ce da jira da hira, ba mai shigo muku ba sakatare ba waya. A ina kuma za ka samu manajan darakta shi kaɗai na awa huɗu? Kuma masu shirya irin wannan taron ba a banza suke haɗa rukunin ba, wanda suke so ka saba da shi da shi za su sa ka. A nan ake karantar mutum, za ka ga wanda in ƙwallonsa ta faɗa cikin ciyawa yana waige waige sai ya ɗan tura ta da ƙafa, ka ga wanda ya yi duka bakwai ya rubuta shida a kati, ka ga yadda yake yi wa yaron da ke ɗauke masa jaka magana. Kafin rami na tara ka riga ka san ko za ka iya ba shi bashi.

Kaftin Bala: Kuma a Afirka ta Kudu al'adarsu ce bayan rami tara a tsaya a ci ɗan abinci kafin a ci gaba, in lokacin azahar ya yi sai ka yi abinka a nan.

Alhaji Nura: Kaftin duk na ji, amma ai raba kyaututtuka a wajen dinar ake yi ko ƙarya na yi? A kira sunan mutum kujerarsa ba kowa, wannan ai cin fuska ne ga wanda ya biya maka jirgi.

Kaftin Bala: Nan kam gaskiyarka, yawanci tare ake haɗawa. Amma ba a rasa dabara, ya tsaya a yi jawabi da kyaututtuka in sun riga abinci, ya gaisa da mai gayya hannu da hannu ya zame. Muhimmin abu ya sanar da su tun yanzu, kar sai an jera masa kofuna sannan ya fara kame kame.

Dokta Asabe: Ni abin da ke ba ni mamaki yadda Alhaji yake ganin kamar mutanen can za su ji wani baƙon abu. Musulmi a Cape sun haura shekara ɗari uku. Shehu Yusuf na Makassar ta Indunusiya Turawan Holan suka koro shi can a 1694, kabarinsa na nan a Macassar ba nisa da Stellenbosch ɗin, masallacin Auwal a unguwar Bo-Kaap tun 1794 yake, cikin garin Stellenbosch ma akwai masallaci. Duk kamfanin da ke shirya taro a can ya saba da tambayar halal. Hashim Amla fa, har kyaftin ya yi wa ƙasar a wasan kurket, ya ƙi sa tambarin giyar Castle a rigarsa alhali su ne masu ɗaukar nauyin ƙungiyar, aka bar shi, kuma girmansa bai ragu ba.

Ɗanjuma Direba: Sadio Mane ma ai lokacin yana Bayern an yi hoton nan kowa riƙe da kofin giya shi hannunsa wayam.

Alhaji Nura: To ka gani, ai Mane ya shiga hoton, bai gudu ɗaki ba. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Malam Tukur: Ɗan ƙwallo ba hujja ba ne Alhaji. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Dokta Asabe: Kuma in ƙara wani abu da ba za a faɗa muku a teburin ba. Za su ba ku labarin yadda aka fara matse inabi a Cape a 1659, da yadda Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, da yadda wani farfesa Perold ya haɗa irin inabi biyu ya fitar da sabon iri mai suna Pinotage a 1925, duk gaskiya ne, amma bayi ne suka yi noman a farko, bayan an 'yanta su kuma aka ci gaba da tsarin da suke kira dop, wato a biya lebura wani ɓangare na ladansa da giya, kullum a auna masa a gwangwani. An haramta abin tun farkon shekarun 1960 amma bai mutu a wasu gonaki ba sai wajen shekarun 1990, kuma har yau yankin yana cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan yaran da giya ta nakasa tun suna ciki. Ni a matsayina na likita wannan ya fi tsaya min a rai.

Yohanna: Dokta wannan gaskiya ne ba musu, sai dai a yi adalci yanzu akwai baƙaƙen fata masu haɗa giya da masu hannun jari a gonaki, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Ɗanjuma Direba: Ni tambayata ɗaya, da gaske suna jin bambancin ko duk burga ce ta masu kuɗi?

Hajiya Rabi: Burga ta fi yawa. A 2001 wani mai bincike Brochet a jami'ar Bordeaux ya zuba wa farar giya jan kala ya ba ɗalibai 54 masu karatun giyar, suka yi ta siffanta ta da kalmomin jar giya. Sannan akwai wani ɗan Indunusiya Rudy Kurniawan da ya daɗe yana cuɗa masu araha a kicin ɗinsa a Kalifoniya yana liƙa tambarin masu tsada yana sayar wa attajirai a miliyoyin daloli, sai 2012 aka kama shi, aka yanke masa ɗaurin shekara goma.

Yohanna: Hajiya wannan ya nuna ido da suna na ruɗar harshe, bai nuna babu bambanci ba. A Paris a 1976 aka ɓoye sunayen kwalabe, alƙalai Faransawa suka ɗora na Kalifoniya a saman nasu, fara da ja duka, wato da aka rufe tambari harshe ya yi aikinsa ko da bai yi wa masu shi daɗi ba.

Kaftin Bala: Ku dawo fili don Allah. Wasan daban, abin da ake yi a cikin kulob daban, kuma a ƙasar nan da ake magana sun fi kowa sani. Papwa Sewgolum ɗan asalin Indiya ne a Durban, da ɗaukar jaka ya fara, ya ci gasar Natal a 1963, ya sake ci a 1965 har ya doke shahararren ɗan golf Gary Player, amma a waje cikin ruwan sama aka miƙa masa kofi don dokar wariya ta hana shi shiga zauren kulob. Yau shi ake tunawa.

Alhaji Nura: Shi hana shi aka yi Kaftin, Injiniya kuwa kiransa aka yi, ba ɗaya ba ne.

Hajiya Rabi: Duk kun tsaya kan kofi kun bar babbar magana. Injiniya in tambaye ka, ba kai ke sa hannu a takardar tantance masu kawo muku kaya ba? Kwangilar famfunan bana an rufe ta ko tana buɗe?

Injiniya Sabo: Tana buɗe Hajiya, sai wata mai zuwa za a zauna, su uku ne suka nema har da su.

Hajiya Rabi: To ka ji. Jirgi, otal, kuɗin fili, dina kala biyar, ka lissafa da kanka da canjin yau. Ko zoɓo za su zuba a kofunan nan ni a aikina na odita in na ga wannan a fayil sai na ja jan layi, kuma sauran kamfanoni biyun in suka ji ba ka da bakin kare kanka ko da kayan waɗannan sun fi kyau da gaske. Gobe da safe ka kai wa oganka katin gayyatar a rubuce, in ofis na ganin tafiyar da amfani su biya daga aljihunsu, in ba haka ba ka ce musu sai bayan an rufe.

Alhaji Nura: Haba Hajiya, wannan ai kyautatawa ce tsakanin abokan ciniki, duk duniya haka ake yi.

Hajiya Rabi: Kai da kuɗinka kake kasuwanci Alhaji, ko a ina ka ga dama ka ci tuwo. Shi amanar wasu ce a hannunsa.

Malam Tukur: Hajiya Allah ya saka, ni ma hankalina bai kai nan ba, kuma shi ma akwai hadisi a kansa, na ma'aikacin zakka da ya dawo yana cewa wannan naku wannan kuma kyauta aka ba ni.

Injiniya Sabo: Na gode ƙwarai, zan kai masa goben in sha Allah. Kaftin wani abu kuma, ni fa ban taɓa riƙe sandar golf ba a rayuwata, a fom ɗin sun tambayi handikaf, wato lambar da ke nuna matakin ƙwarewar ɗan wasa, na bar wurin ba komai.

Ɗanjuma Direba: Innalillahi 😂😂 duk wannan dambarwar ashe ko dukan ma bai iya ba.

Kaftin Bala: Kai Injiniya! Rami 18 za ka shiga haka kai tsaye ka tsayar da duk rukunin da ke bayanka? Ko an yi tafiyar ko ba a yi ba ka same ni a filin Kaduna ranar Asabar ƙarfe bakwai, ka sa kambas da riga mai kwala, sanduna zan ara maka.

Alhaji Nura: Ni dai har yanzu ina kan bakana, in ofis suka biya ya je ya zauna.