Kuɗin kabari da rasit, ko a bar maƙabarta ga sadaka?

Sakataren Kwamiti: Assalamu alaikum jama'ar shiyya. Jiya bayan la'asar na zagaya maƙabartarmu tare da mai gadi, kwana biyu bayan ruwan nan na daren Talata, kuma abin da na gani ya hana ni barci. A kusurwar gabas, inda ruwan kwata ke gangarowa daga sababbin gidaje, kaburbura sun rufta a jere, itacen rufi ya karye ya faɗa ciki. Akwai guda ɗaya da sai da na tuɓe rigata na rufe bakin ramin kafin mai gadi ya kawo shebur, don farin likkafani ya bayyana. Katanga ta zube wajen taku ashirin, awaki na kiwo a ciki, yara sun mai da wurin hanyar zuwa makaranta. Maƙabartar nan ta ƙaramar hukuma ce a takarda, amma a aikace sadaka ke riƙe da ita, sadakar kuma ta gaza. Ni ra'ayina a yanka kuɗi ƙayyadadde a kan kowane kabari, a ba da rasit, da shi a biya masu gina da mai gadi, a sayi ƙasa da itace. Mai ja ya ja, amma a ja da hujja.

Na'ibin Liman: Wa alaikumus salam. Allah Ya saka maka da rufa asirin wannan bawa, Ya rufa naka duniya da lahira. Amma maganar kuɗi ban yarda ba. A littafinsa na fiƙihu, Mukhtasar, Shehu Khalil ya ce kabari hubusi ne, wato wakafi, ba a takawa a kansa, ba a tone shi matuƙar mai shi na ciki. Filin da aka keɓe don rufe Musulmi wakafi ne, ba a sayar da shi taku ɗaya. Ranar da muka buɗe ƙofar rasit, gobe za a ce kabarin da ke kusa da ƙofa ko ƙarƙashin inuwa ya fi tsada.

Sakataren Kwamiti: Allah gafarta Malam, ban ce a sayar da ƙasa ba. Ladan gina fa? Itace fa? Ruwan kwaɓa ƙasa da ake saye wurin 'yan garuwa fa? Tun yanzu ana biya, ba wanda ake rufe wa ɗan'uwa bai sa hannu a aljihu ba. Bambancin kawai shi ne yanzu ba a san nawa ne ba, ana ciniki da mutum idonsa cike da hawaye, kuma ko kwabo ba ya ragewa don gyara.

Na'ibin Liman: Ladan aikin gina halas ne, babu saɓani. Abin da nake tsoro shi ne tilas.

Inna Uwar Marayu: Salamu alaikum. Ɗana Sakatare, ka yi haƙuri in sa baki, ba na yawan magana a nan. Ranar da maigidana ya rasu, asibiti ya riga ya cinye duk abin da ke gare mu, har akuyar da nake kiwo an sayar. Likkafani maƙwabci ya kawo. Babban ɗana, lokacin bai kai shekara ashirin ba, shi ya bi makara. Da ya dawo yake gaya mini cewa da aka gama rufewa ya tsaya yana lalube a aljihu, sai tsohon da ya gina kabarin ya kama hannunsa ya mayar masa cikin aljihun, ya ce je ka ka riƙe ƙannenka. Har gobe ina yi wa tsohon nan addu'a. Da akwai tebur a bakin ƙofa da mai rubuta rasit, wa zai kama hannun yaron nan? Ma'aikaci ba ya iya yafe abin da ba nasa ba. Ku yi duk dabarar da za ku yi, amma kada gawar talaka ta tsaya a ƙofa ana neman cikon kuɗi.

Sakataren Kwamiti: Inna, wallahi kin sa jikina ya yi sanyi. Allah Ya jiƙan Baba. Sai a ce wanda ba ya da hali mai unguwa ya shaide shi, a yafe masa.

Inna Uwar Marayu: A ranar mutuwa, ɗana? Mutum ya rasu da hantsi, ana son a rufe shi kafin azahar, sai a tafi neman takardar shaidar talauci?

Barista: Ku ba ni dama. Ina ganin mun tsallake wanda nauyin ke wuyansa muna ta jayayya a kan aljihun mamata. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, kuma kafa maƙabartu da kula da su na ciki ƙarara, kamar yadda rajistar haihuwa da mutuwa da aure ke ciki. Ba alfarma ba ce. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. To me zai sa mu ɗora wa marayu sabon haraji a kan aikin da tuni doka ta ɗora wa hukuma? Mu rubuta takarda, mu haɗa da hotuna, mu bi ta hannun kansila. Sannan maganar sabon fili, don wannan ya kusa cika: dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, ke nan wannan buƙatar sai ta haura zuwa jiha.

Sakataren Kwamiti: Barista, takarda uku na kai da hannuna cikin shekara biyu. Kowace an buga mata hatimi an ce ana dubawa.

Tsohon Akanta: Ni na yi aikin ƙaramar hukuma har na yi ritaya, bari in gaya muku yadda kuɗi ke tafiya. Duk abin da aka karɓa da rasit ɗin hukuma, na kasuwa ne ko na tasha, asusun kuɗin shiga yake faɗawa. Daga nan ba ya da suna kuma. Ba ya fitowa sai ta kasafi, sai an rubuta an sa hannu an amince. Kuɗin kabarin da ka karɓa yau zai iya ƙarewa a man mota, ba don wani ya yi sata ba, don haka tsarin yake. Sakatare, in ka sa kuɗin nan a hannun hukuma, ka rasa sadakar, ka rasa gyaran, don mutane za su ce ai mun biya. Abin da za ku nema, wanda ya fi sauƙin samu, shi ne a ɗauki mai gadi da masu gina biyu ko uku a sa su cikin albashi, a kuma sa katanga da magudanar ruwa cikin kasafin baɗi. Yanzu ne lokacin bin wannan, kafin ƙarshen shekara a rufe lissafi.

Ɗan Mai Gina: Assalamu alaikum iyayena. Ina karanta saƙonnin nan ina karanta wa babana, don shi ba ya riƙe irin wannan waya. Shekararsa ta talatin ke nan da wani abu yana gina kabari a wurin nan. Ana ta maganar masu gina, ba a tambaye su ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, ƙasar gefen arewa marmara ce, diga na dukanta tana tartsatsi. Sai an kwarara jarka biyu ko uku an jira ta sha kafin ta ba da kai. Shi ya sa suke gina ramuka tun da asuba su ajiye, na manya da na yara, don ba a san wa za a kawo ba. Wani ya ba su abin kirki, wani ya ce Allah Ya biya, kuma ba su taɓa hana kowa rami ba. Amma Inna, wanda ya yafe ɗin nan shi ma da iyali ya koma gida. Akwai daren da babana ya gina uku ya dawo ba ko kuɗin garin tuwo. Digarsa ta ƙare, da kuɗinsa ya kai wa maƙeri. Ya ce in faɗa muku shi ba ruwansa da ko rasit ne ko albashi ne, a dai san cewa aiki suke yi. Ya kuma ce abin da ya fi damunsa ba kuɗi ba ne. Sau da yawa yana cikin gina sai ya ci karo da ƙashi, don tudun ya baje ba alama, sai ya mayar da ƙasa ya yi addu'a ya matsa gaba. Ya ce ranar da hakan ta faru ba ya iya cin abinci.

Na'ibin Liman: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Ka gaishe da babanka, ka ce mun ji kunya. Wannan haƙƙi ne a kanmu duka, jana'iza farilla ce ta kifaya, su suka ɗauke mana.

Inna Uwar Marayu: Yaro, ka yi gaskiya. Ban taɓa tunanin abin da ya tarar a gida ran nan ba. Allah Ya yafe mini.

Baba Mai Unguwa: To, na saurara. Lokacin da muna samari babu mai ginar kushewa na musamman. In anka yi rasuwa, samarin shiyya ka ɗaukar diga su tahi, dattijo guda na tsaye shina nuna musu wurin da babu kowa, don shi ya san wa ad da wa ke kwance. Wanga dattijo shi ne littahinmu. Sun mutu da abin da sunka sani. Sa'annan gari ya buɗe, ku dubi Mabera da Arkilla da Gidan Igwai yadda sunka cika, wurin da munka sani daji yanzu gidaje na. Mutanen da ba su san juna ba ka rufe 'yan uwansu wuri guda. Ga mu garin da jama'a ka tasowa daga nesa su ziyarci Hubbaren Shehu, wanda ya rasu tun 1817, an san makwancinai, an san na ɗiyatai Nana Asma'u, an san na Sarkin Musulmi Bello can Wurno. Ni kuwa yau in kunka ce in nuna muku kushewar mahaihiyata, sai dai in nuna yanki. Ku fara da littahi tun ba ku kai ga kuɗi ba.

Ɗan Shiyya a Abuja: Ranka ya daɗe, shi ya sa da aka rufe mahaifinmu muka zagaye nasa da bulo muka kafa allon ƙarfe. Ban ga laifin hakan ba, in kowa ya yi nasa ai an huta.

Na'ibin Liman: A nan kuma zan ja da kai, ɗana. Hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya hana shafe kabari da gini a kansa da zama a kansa, Risala ma ta ce makaruhi ne. Kuma a filin wakafi bulon nan yana cin wurin wani. Alama ta halatta: Annabi da kansa ya ɗora dutse a wajen kan Usmanu ɗan Maz'un don ya gane kabarin ɗan'uwansa. A ja layuka, a kafa turaku masu lamba a bakin kowane layi, a rubuta suna da rana da lambar layi a littafi. Ba sai an gina komai ba.

Ɗan Shiyya a Abuja: Na karɓa, Malam, ban sani ba ne. To ga wata shawara: a gina shaguna a jikin katanga ta bakin titi, kuɗin haya ya riƙa biyan masu gina. Ni zan ɗauki biyu.

Na'ibin Liman: Niyyar ta yi kyau, amma ba a cikin filin maƙabarta ba, ko taku ɗaya. Da haka ake fara cin ta. A sayi shagon a wani wuri a yi wakafinsa, jiharmu na da Hukumar Zakka da Wakafi, a nemi su nuna yadda ake rubutawa don kada magada su taso daga baya.

Tsohon Akanta: Wannan ya fi rasit nesa ba kusa ba. Ni zan riƙe lissafi kyauta, a riƙa liƙa shi a ƙofar masallaci duk wata.

Sakataren Kwamiti: Na ji duka, kuma maganar Inna da ta Akanta sun sa na janye batun tebur a bakin ƙofa. Amma ban sauka daga kan asalin maganata ba. Azumin bara a nan zauren aka yi alkawarin siminti buhu-buhu, abin da ya iso hannuna bai kai rabi ba, sauran har yau ina bin waya. Shago sai an saya, albashi sai an amince, damina kuwa ba ta ƙare ba, ga kaburbura a buɗe yau ɗin nan. Dole a sami kuɗin da ke shigowa ko an ji tausayi ko ba a ji ba. In ba a karɓa a hannun masu makoki ba, to a karɓa a hannun masu rai: kowane gida abu kaɗan duk wata, da rasit na kwamiti, gidan marayu babu.

Barista: Wannan ma ina da ja. Muna fara biya, hukuma ta sami hujjar naɗe hannu. A kai takarda tukuna.

Sakataren Kwamiti: A kai ta huɗu, Barista, kai za ka rubuta, ni zan raka ka. Amma ba zan jira amsarta ba.

Baba Mai Unguwa: Maganar kuɗin gida-gida a bar ta sai Juma'a mai zuwa bayan sallah, ƙofar gidana, a zo da masu gina su ma su yi magana da bakinsu. Gobe Asabar bayan asuba kowa shi hito da shebur da kwando. Ɗan Mai Gina, tambayi babanka tifa nawa ta ƙasa za ta isa kusurwar gabas.

Ɗan Mai Gina: Ya ce biyu in jar ƙasa ce, kada a kawo yashi, ruwa zai sake kwashe shi. Ya ce kuma a zo da itace mai kauri, wanda gara ba ta saurin ci, kuma kada kowa ya taka gefen da ya rufta sai ya iso ya nuna inda za a bi.