Kyamara na iya kama ilhamar sha'iri?

Mai Alƙalami: Salam jama'a. Ni fa na daina yarda da finafinan da ake yi a kan marubuta waƙa. Ilhama a zuci take, kyamara kuwa fuska kawai take gani. Shi ya sa kullum sai a nuna mutum ya zura wa taga ido, kiɗa na tashi, sai ga baiti ya sauko. Wanda ya taɓa kwana yana fama da ƙafiya ɗaya ya san ƙarya ce.

Ɗan Kallo: Malam, da finafinan manyan kamfanoni kake. Nemi Paterson na Jim Jarmusch, na 2016. Jarumin fim ɗin direban bas ne, kullum hanya ɗaya, yana jin hirar fasinjoji, kafin ya tada mota ya ɗan rubuta layi biyu a littafinsa. Kwalin ashana ma ya yi wa waƙa.

Mai Alƙalami: Na gan shi, ƙanena. Ai Ron Padgett ne ya rubuta waƙoƙin, jarumin kwafa yake yi. To ina ilhamar?

Uwar Ɗaki: Haba Malam, wanda ya mutu a fim ma ai ba mutuwa ya yi ba. Ni dai Poetry na Lee Chang-dong ne ya kashe min baki, fim ɗin Koriya ta Kudu da ya ci kyautar labari a bikin finafinai na Cannes a 2010. Dattijuwa ce da ta haura sittin, ciwon mantuwa ya fara taɓa ta, sunayen abubuwa na kuɓuce mata, ta shiga ajin koyon waƙa. Ta yi ta kallon tuffa da furanni, shiru kake ji. Sai da ta daina kau da kai daga laifin da jikanta ya yi wa wata yarinya, sannan waƙa ta zo. Guda ɗaya tak, a ƙarshen fim.

Mai Alƙalami: Hajiya, kin taya ni faɗa. Jira aka nuna, ba saukar ba.

Uwar Ɗaki: To kai da ka kwana kan ƙafiya, me ka yi daren in ba jiran ba?

Ɗan Kallo: An zo wurin. Malam, amsa.

Mai Alƙalami: Na ba ta rabi. Amma a Paterson wuri ɗaya ne na yarda da shi ɗari bisa ɗari: inda kare ya yayyaga littafin, mutumin bai ajiye kwafi ko ɗaya ba, ya zauna ya kasa cewa uffan.